Jagorar Mai Son Cin Abinci da Marimba: Kiɗa, Tsara Kiɗa da Koyarwa

Marimbar dandali, irin wadda ake kaɗawa a manyan zaurukan kiɗa na Japan da Turai da Amurka, falankai 61 ne na katako da aka jera bisa tsarin fiyano, kowanne da bututunsa a ƙasa. Tsawonta ya haura mita biyu da rabi, nauyinta kusan kilo 100. Wanda ya taɓa ganin kundung na Birom a Filato, mai ƙahonin shanu a ƙarƙashin itatuwansa, ya riga ya san tushen dabarar: a bugi ice, ramin da ke ƙasa ya ƙara masa murya. Danginta tsofaffi ne, daga balafon na Mande zuwa marimbar Gwatamala. Amma a matsayin abin da mutum ɗaya zai tsaya a gaban jama'a ya kaɗa na awa guda, marimba yarinya ce. Paul Creston ya rubuta mata ƙaramin konceto, wato kiɗan da take jagoranta okestra na raka ta, a 1940, kuma mai zango biyar, wato mai falankai 61, da ake ɗauka yau a matsayin cikakkiya ta fito ne a 1984, daga aikin makaɗiyar Japan Keiko Abe da kamfanin Yamaha.

Wannan ƙuruciya ita ke tsara sana'ar baki ɗaya. Ƙungiyoyin okestra suna ɗaukar makaɗin da ya iya ganguna da sauran kayan bugu ne, ba su da kujerar albashi ta mai marimba kaɗai. Kiɗan da aka rubuta mata bai kai kaso kaɗan na na fiyano ba. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke kan duwatsun murhu uku: suna kaɗawa, suna rubutawa, suna koyarwa. Keiko Abe ta yi shekaru tana koyarwa a Toho Gakuen a Tokyo. Gordon Stout ya koyar a Kwalejin Ithaca, kuma kiɗan da ya tsara na cikin waɗanda ɗalibai suka fi kaɗawa. Ka shirya wa ukun tun daga rana ta farko.

San kayan aikinka

Ana kiran sautuka da haruffa, A zuwa G, kuma zango shi ne tazarar da ke tsakanin C da C ta gaba. Marimba mai zango huɗu da sulusi tana farawa daga A, falankai 52, ita ce aka fi samu a makarantu. Mai zango biyar tana sauka har C ta ƙasa, wadda ita ce mafi kaurin sautin celo, babban gogen Turawa, shi ya sa kiɗan da Bach ya rubuta wa celo yake zama daram a kanta. Idan kuɗi bai kai ba, fara da mai huɗu da sulusi. Sabuwa mai zango biyar ta icen roswud takan haura dala 15,000.

Roswud ɗin da ake nema shi ne wanda ake kira na Honduras, wanda ake sarowa a yankin Beliz da Gwatamala, kuma cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare itatuwa da dabbobi. Icen padauk na Afirka ya fi araha, muryarsa ta fi gajarta. Akwai kuma falankan roba mai tauri irin su Kelon da Acoustalon. Ga wanda zai ajiye marimba a Kano ko Damagaram, inda hunturu ke busar da ice har ya tsage, bazara kuma ta haura digiri 40, na roba ya fi hankali, ko da muryarsa ba ta kai ta ice daɗi ba. Ice yana son ɗaki mai matsakaicin danshi, nesa da taga da rana.

Juya falanki ka duba cikinsa. An rarake tsakiyarsa kamar baka, kuma wannan rarakar ce ke saita sauti uku a lokaci guda: uwar sautin, da na biyu mai ninki huɗu nata, da na uku mai kusan ninki goma. A falankan ƙasa, tsakiyar ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Gula mai tauri ɗaya a hannun mai ƙarfi ta isa ta fasa shi, kuma falankin da ya tsage sai dai a saya wani. Igiyar da ke riƙe da falankai tana ratsa su ne a wurin da icen ba ya girgiza, kimanin kashi 22 cikin ɗari na tsawonsa daga kowane gefe. Idan ka buga daidai kan igiyar, sai ka ji ƙwas babu rai. Tsakiya ko ɗan gefen tsakiya ake bugu. A jeren sama, wato wanda ke nesa da kai, madadin baƙaƙen maɓallan fiyano, idan gudu ya hana ka kai wa tsakiya, bugi can bakin falankin da ke kusa da kai, kada ka tsaya a rabin hanya inda igiya take.

Bututu a toshe yake daga ƙasa, tsawonsa kuma rubu'in tsawon kaɗawa ɗaya ta sautin a cikin iska ne. Na C ta ƙasa zai kai kusan mita 1.3, shi ya sa ake lanƙwasa shi ko a faɗaɗa shi kamar akwati. Ga abin da ke rikita mutane da yawa: zafi yana saukar da sautin falanki, yana kuma ɗaga na bututu. Sai ka shiga zaure mai zafi ka ji ƙasan marimbar ya dushe kamar an rufe mata baki. Idan marfin bututunka mai motsi ne, sauke shi kaɗan don bututun ya ƙara tsawo, kana bugawa kana saurare har muryar ta buɗe. A sanyi kuma ka ɗaga shi. Amma kada ka taɓa kai wuƙa ko sanfefa cikin falanki da kanka. Wannan aikin masu saitawa ne, ana aika musu falankan duka.

Gula biyu kafin huɗu

Gula ita ce sandar bugu: roba a ciki, zare a naɗe a kai. Fara da biyu, kuma kada ka yi gaggawar barin su. Daidaita tsayin marimbar yadda hannuwanka za su ɗan gangaro daga gwiwar hannu, kafaɗu a sake. Gula tana farawa daga sama, ta sauka, ta koma inda ta fito a motsi guda, daga wuyan hannu. Mai danna gula cikin ice yana kashe sautin da kansa. Ka yi duk jerin sautuka goma sha biyu manya da ƙanana, da metronom, na'urar ƙidaya bugu, a kan bugu 60 a minti, kana farawa da dama yau, gobe da hagu.

Wahalar marimba ta farko ita ce ba ka taɓa abin da kake bugawa. Mai fiyano yana lalube da yatsu, kai kuwa tsakaninka da falanki akwai sanda mai tsawon kusan santimita 40. Don haka sauke teburin takarda ƙasa, daf da jeren sama, ka kafa ido a kan rubutun, ka bar gefen ido ya riƙa ganin falankan sama a rukuninsu na biyu da uku. Minti goma sha biyar kullum na karanta kiɗan da ba ka taɓa gani ba, a hankali, ba tsayawa ko ka yi kuskure. Wanda ya tsallake wannan zai zama mai hadda kawai, kuma mai hadda kawai ba ya samun aikin ɗakin naɗar sauti ko na ƙananan ƙungiyoyi, inda ake miƙo takarda a ce a fara.

Riƙon gula huɗu

Hanyoyi uku ne suka yi fice. A riƙon gargajiya, sandunan suna giciye cikin tafi, babban yatsa da manuni ne ke shiga tsakaninsu su buɗa su. Shi Keiko Abe da Nancy Zeltsman ke amfani da shi, yana da nauyi da ƙarfin murya. Riƙon Burton, na Gary Burton mai kiɗan jaz, shi ma giciye ne, amma manuni ne ke tsakani, ya fi saurin koyo. Riƙon Stevens, wanda Leigh Howard Stevens ya gyara daga na Clair Omar Musser ya kuma bayyana a littafinsa na 1979, ba ya giciye. Hannu yana tsaye kamar za a gaisa. Gular waje tana tsakanin yatsan tsakiya da na zobe, na zobe da ƙaramin suna riƙe da ita. Gular ciki kuwa gindinta na tsakiyar tafi, tana kwance a kan gaɓar manuni, babban yatsa a samanta. Wannan riƙo yana son sanda mara lanƙwasa, riƙon giciye kuma mutane da yawa sun fi son sandar ratan mai ɗan laushi.

Babu wanda ya fi wani a kowane fanni. Zaɓi wanda malaminka ya ƙware a kai, ka zauna a kansa shekara biyu kafin ka leƙa wani. Mai sauya riƙo duk wata uku ba ya mallakar ko ɗaya.

Ana ƙidaya gula daga hagu zuwa dama, 1 zuwa 4. Bugu huɗu ne ginshiƙi. Na farko, gula biyu na hannu ɗaya su sauka tare. Kuskuren da ke nan shi ne ɗaya ta riga ɗaya, sai ka ji ƙaf-ƙaf maimakon sauti guda, kuma dalili kusan kullum shi ne kawunansu ba su tashi daga tsayi ɗaya ba. Na biyu, gula ɗaya ta buga, ’yar’uwarta tana tsaye: wuyan hannu ne ke juyawa kamar mai murɗa mabuɗi, ana juyawa a kan gular da ba ta aiki. Idan ita ma tana rawa sama da ƙasa, to da dantse kake bugu. Na uku, su riƙa karɓeɓeniya. Na huɗu, motsi ɗaya na hannu ya fitar da sautuka biyu a jere da sauri. Fara kowanne a tazarar sautuka biyar, inda hannu ya fi sakewa, sannan ka matse zuwa uku da biyu, ka buɗa zuwa takwas.

Riƙon Stevens yana sa bororo a gefen yatsan tsakiya a makonnin farko. Naɗa filasta, ka rage lokaci, kanta za ta fito. Amma zafin da ke cikin wuyan hannu ko gwiwar hannu wani abu ne daban: alamar jijiya ce, kuma maganinta hutu da ganin likita. Zama uku na minti 45 a yini, da hutu tsakani, ya fi awa uku a tsaye.

Marimba ba ta da feda irin ta fiyano mai tsawaita sauti, sautinta yana mutuwa da wuri. Idan ana son dogon sauti sai a yi bugun yayyafi, wanda makaɗa ke kira rol. A nan ake gane wanda ya iya. Sabon shiga yana yin sa da gudu ɗaya ko’ina. Falankan ƙasa suna daɗewa suna amo, don haka yayyafinsu a hankali ne, idan ka yi sauri gula tana kashe girgizar da ta tayar. Na sama gajeru ne, suna son sauri. Gudun kuma yana iya ƙaruwa ko raguwa cikin jimla ɗaya, kamar numfashin mai rera waƙa. Haɗa gula ma aiki ne: mai laushi a lamba 1, matsakaita biyu a tsakiya, mai ɗan tauri a lamba 4, don ƙasa ta yi kauri, sama ta fito fili. Sa wani ya buga maka ka koma kujerar baya ka ji, domin gular da ta yi daɗi a kunnenka a kusa takan narke kafin ta kai tsakiyar zaure.

Abin kaɗawa, da hawa dandali

Ɗalibai da yawa suna shiga gula huɗu ta Yellow After the Rain na Mitchell Peters. Daga nan sai ƙananan darussan Musser, da Two Mexican Dances na Stout, da ayyukan Abe, da konceto na farko na Ney Rosauro ɗan Brazil, na 1986. Bach kuwa ba a gama shi, kuma gasa da yawa suna neman sa domin ba ya ɓoye aibi.

Hadda ta hannu kaɗai mayaudariya ce. Rubuta lambar gular kowane wuri mai wuya da fensir, kada ka sauya. Raba kiɗan gida goma ko fiye, ka iya farawa daga kowanne ba tare da komawa farko ba. Zauna nesa da marimba ka bi shi a zuci, inda hoton ya yanke nan ne za ka faɗi a gaban mutane. Ƙafafu ma suna cikin hadda: tsayawa a inda ya dace kafin jimla ta zo, ba miƙa hannu daga nesa ba.

Abin da ke kayar da masu gasa shi ne faɗin falanki. Kowane kamfani da nasa awo, na Yamaha daban, na Adams daban, na Marimba One da Malletech daban. Tsallen da hannunka ya saba a gida zai sauka gefe a kan wata. Tambayi mai gayyata sunan kamfani da samfurin tun kafin ka tashi, ka nemi aƙalla awa biyu a kanta kafin taro, ka kuma saba da kaɗa marimbar wasu duk inda ka samu. A rubuce a yarjejeniya: zango nawa, da saitin sauti, domin yawancin marimbobi a kan A 442 suke, wato sautin A yana girgiza sau 442 a daƙiƙa, kuma idan za a haɗa da fiyano dole a sani.

Idan da taka za ka tafi, cire falankai jere biyu a kan igiyarsu, ka naɗe kowane jere cikin bargo, sannan bututai, sannan dogayen katakai, sannan ƙafafu. Falankai ba sa kwana a mota. A jakarka a samu igiya ta ajiya, da tef, da ƙyalle mai kauri, da sukudireba. Idan ka ji zuzz a wani sauti, duba abu uku: igiya ta saki, ko ƙaramin ƙarfen da ke tsakanin falankai ya karkace yana taɓa ice, ko kusar bututu ta kwance.

Hanyar samun suna takan bi ta gasa, irin ta duniya da aka fara a Shtutgat ta Jamus a 1996, da taron shekara-shekara na Percussive Arts Society, wanda galibi ake yi a Indiyanafolis a watan Nuwamba. Amma gasa ba ta ciyar da gida. Haɗa kai da mai sarewa ko mai goge ko wani mai marimba ya fi kawo gayyata, domin masu shirya taro suna tsoron awa guda ta ice zalla. Shirin farko kada ya wuce minti 60, a cakuɗa mai zafi da mai sanyi, ka kuma yi wa jama'a magana kaɗan, yawancinsu ranar suka fara ganin abin.

Rubuta mata

Fara da mayar da kiɗan jita ko celo zuwa marimba, nan za ka koyi abin da ke zama da wanda ba ya zama. Ana rubuta mata a layi biyu kamar fiyano. Da gula huɗu, sautuka huɗu ne iyaka a bugu ɗaya. A ƙasa, kada ka matse sautuka kusa da juna, suna zama taɓo: buɗa su biyar ko takwas, ka bar matsi a sama. Tuna falankan ƙasa sun fi faɗi, tazarar takwas da ke da sauƙi a sama takan gagari ƙaramin hannu a can. Idan gula ɗaya tana jeren sama ɗaya tana na ƙasa, gwiwar hannu ce ke juyawa ciki ko waje, kuma jera irin waɗannan da sauri yana karya gudu. Duk abin da ka rubuta a kwamfuta, tsaya ka gwada shi da jikinka, kwamfuta ba ta da gwiwar hannu.

Rubuta a bangon takarda mafi ƙasan sautin da kiɗan ke buƙata. Abin da ya tsaya a A yana shiga makarantu da yawa fiye da wanda ya sauka C, kuma kiɗa mai matsakaicin wuya na minti huɗu zuwa shida shi malamai ke nema kullum. Kana iya ba kamfanin buga kiɗa irin su Tapspace ko Edition Svitzer, su ɗauki kaso mafi girma su yi talla, ko ka sayar da kanka ta intanet. Ko wanne ka bi, bidiyo mai tsabtar sauti shi ke sayar da takarda: makirfo biyu a sama, ɗaya wajen falankai masu kaurin sauti ɗaya wajen masu siririn sauti, kusan mita guda daga falankai. Yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawallafa ta ƙasarka, irin su ASCAP da BMI a Amurka ko SACEM a Faransa ko JASRAC a Japan, ka riƙa aika musu takardar shirin duk taron da aka kaɗa aikinka. Wanda bai aika ba, kuɗinsa ya bi ruwa.

Neman wasu su rubuta maka shi ma aikinka ne. Da haka Abe ta gina rumbun kiɗan Japan, inda Minoru Miki da Akira Miyoshi suka rubuta ayyukan da har yau ake kaɗawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: makaɗa goma ko ashirin sukan haɗa kuɗin mai tsarawa, a ba su keɓantaccen izinin kaɗawa na shekara guda. A rubuta tsawon kiɗan, da ranar miƙawa, da wanda zai fara naɗa. Ka kuma gayyaci mai tsarawar ya riƙe gula huɗu na rabin awa kafin ya ɗora alƙalami.

Aji

Koyarwa ce albashin da ke shigowa duk wata. A jami'o'in Amurka, kujerar dindindin galibi tana neman digiri na uku a fannin kiɗa, kuma za a sa ka koyar da ƙaramar ganga da manyan gangunan timfani da jagorancin ƙungiyar ɗalibai, ba marimba kaɗai ba. Don haka kada ka yar da sauran kayan bugu tun kana ɗalibi.

A darasin farko, kada ka miƙa takarda. Ba ɗalibi gula ɗaya, ka sa ya bugi falanki guda a tsakiya, a kan igiya, a baki, ya faɗa maka bambancin da ya ji. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗalibin da ya fara da kunne ba ya zama mai dukan katako. Gyara abu ɗaya a kowane darasi. Idan ka lissafa masa kurakurai bakwai, zai koma gida bai riƙe ko ɗaya ba. Kada ka ɗora wa yaro mai ƙaramin hannu sanduna masu nauyi, kada kuma ka ba shi kiɗan da ya fi ƙarfinsa don a burge iyaye, nan ne ƙanƙame gula da ciwon jijiya ke farawa.

Yawancin ɗalibai ba su da marimba a gida. Sa su zana jeren falankai da ainihin faɗinsu a kan kwali, su shimfiɗa a kan gado ko tebur mai bargo, su yi bugu huɗun nan da sauya tazara a kai minti ashirin kullum. Lokacin da suka samu a kan marimbar makaranta sai ya tafi ga sauraro da karatu. A ƙarshen kowane wata ka naɗi ɗalibi da waya daga gaba da kuma daga gefe, ku kalla tare, ka bar shi ya fara faɗin abin da ya gani kafin ka ce komai.